Sinfofin Masu Shan Iska a Rairayin Kwara

Allah Maɗaukakin Sarki, da Ya raba arziki tsakanin ƙasashe, bai ƙaddara wa Jamhuriyar Nijar ko taƙi ɗaya na gaɓar teku ba, har ya zamana mutumin Yamai, in ya ƙudura niyyar ganin ruwan gishiri da idonsa, sai ya ɗaura ɗamarar tafiyar kilomita wajen 1,000, ya bi ta Doso da Gaya, ya ƙetare zuwa Malanbil, ya ratsa ƙasar Benin tun daga arewacinta har kudancinta, kafin ya tsaya a Kwatano ya yi hamdala. Amma da yake Mai hanawa Shi ne Mai bayarwa, sai Ya musanya mana da kogin Kwara, wanda Zabarmawa ke kira Isa, mai tasowa daga duwatsun Gini, mai tsawon kilomita fiye da 4,000, wanda wajen 550 daga ciki suka faɗo cikin rabonmu.

Shi kuwa wannan kogi yana da al'adarsa, wadda kowane ɗan Yamai ya sani ba tare da ya karanta ta a littafi ba. Sau biyu yake cika a shekara. Da fari akwai jan ruwan damina, wajen Agusta da Satumba, wanda Sirba da Dargol da Goruwal ke kwararo masa haɗe da laka, shi ne mai ɓarna, shi ne wanda a 2020 ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa madatsa, ya kwana a ɗakunan mutanen Lamorde da maƙwabtansu. Sa'an nan akwai ruwan Gini, mai yin jinkiri a fadamun Masina ta ƙasar Mali, wanda ba ya isowa sai sanyi ya kankama. Daga nan sai kogin ya shiga ja da baya, yana ramewa wata bayan wata, har a 1985 ya taɓa tsayawa cik a gaban birnin. To, a wannan lokaci na ramarsa, sa'ad da zafin bazara ya haura awo 40, ɗaki ya gagari kwana, wuta ta shiga ɗaukewa, shi ne farin rairayi ke fitowa shimfiɗe a tsakiyar ruwa da gefunansa, mutanen birni kuma su tuna suna da kogi. Sai ka ga ranar Lahadi an cika motoci da babura, waɗansu su tsaya kusa, a Gudel ko tsibirin Neni Gungu, waɗansu su miƙa har Bubon, garin tukwane mai cin kasuwa ranar Laraba, su nemi gindin goruba su yada zango. Masu ƙarfin hali a da sukan zarce Gandun W, wanda aka keɓe tun 1954, ko kuwa su nufi kurmin giginya na Dallol Mauri can wajen Gaya; amma tun da sha'anin tsaro ya gurɓace, tafiya ta taƙaita, jama'a suka cunkushe a 'yan wuraren da ke kusa, wannan kuwa ya sauƙaƙa wa mai son nazarin halayen 'yan Adam aikinsa ƙwarai.

Magabata ba su raina irin wannan nazari ba. Jahizu mutumin Basra ya wallafa littafi sukutum a kan marowata kaɗai, ba wanda ya ce ya yi lagawu. Saboda haka ba aibi ba ne a zayyana sinfofin masu fita shan iska, waɗanda kowannensu ke barin gida da da'awar zai je kallon ikon Allah, alhali abin da yake ɗauka ya tafi da shi, ya yini yana kallo, ya komo da shi, halinsa ne.

Farkon wanda ya kamata a gabatar, domin ko ba a gabatar da shi ba zai gabatar da kansa, shi ne wanda ya taɓa ganin teku. Galibi asalin labarin shi ne wani maigidansa ya taɓa aikensa Kwatano ya koro tsohuwar mota daga tashar jiragen ruwa, ya hangi tekun ta ƙofar shinge gwargwadon abin da bai kai tsawon shan shayi na biyu ba. Amma tun daga ranar Kwara ta faɗi a idonsa, faɗuwar da ba ta da tashi. Da an sauka daga mota, yara sun ruga suna sowa, sai ya riƙe ƙugu, ya dubi ruwan sheƙeƙe, ya ce, "Wai wannan kududdufin kuke wa murna? Allah Sarki, rashin sani." Daga nan sai ya buɗe babin igiyar ruwa, wadda a shekarar da ya dawo tsayinta bai wuce ƙirjin mutum ba, amma da yake ita ma rayayya ce, tana ƙaruwa da kamu ɗaya kowace bazara, har yanzu ta kusa kamo hasumiyar babban masallaci. Goruba ma ba ta tsira daga harshensa ba, domin a cewarsa wanda ya sha ruwan kwakwa a inuwar kwakwa ba zai wahalar da haƙoransa wajen gwigwiyar ɓawo ba. Yana faɗin haka kuwa ƙodagai huɗu na zube a gabansa, ya gwigwiye su tas, na biyar yana hannu.

Wannan mutum yana da salsala mai daraja, ko da yake bai gaji komai daga gare ta ba sai baki. Kakanninsa su ne samarin Zabarmawa da Hausawa da suka riƙa tafiya cin rani Kumasi da Ankara zamanin Gwalkwas, irin waɗanda Bafaranshen nan Jan Rush ya ɗauka a fim ɗinsa Jaguar tare da Damure Zika. Sai dai su da ƙafa suka je, suka yi dako, suka komo da akwatuna da turame. Tun da aka rufe gadar Gaya a 2023, tafiya ta yi wuya, masu iya ƙaryata shi suka ragu, kasuwarsa ta ƙara tashi. Maganinsa ɗaya ne tak, wato a yi dace cikin ayarin akwai alhajin da ya ga Bahar Maliya a Jidda. In aka haɗa su, sai a ja gefe, domin tekuna biyu sun gamu.

Na biyu shi ne Alhaji mai ƙaura da gida. Shi wannan bawan Allah ya ji likita ya ce ya riƙa fita yana canza iska, ya kuwa karɓi shawarar bisa sharaɗin kada ya rabu da komai na ɗakinsa. Tun jijjifi za a fara loda mota: darduma biyu, katifa, matasan kai, kujerun roba, fanka da ɗan janareton da zai juya ta, rediyo, butoci uku, murhun shayi da buhun gawayi, sa'an nan kulolin Hajiya, na dambun zogale daban, na shinkafa daban, na miya daban, ga ƙunshin kilishi, ga soyayyen kifi. Kifin nan kuwa, in ka bincika, na kwali ne, wanda aka kamo a teku aka daskarar aka yi kwanaki ana jigilarsa a mota, shi za a ci a bakin kogin da masunta ke fito da giwan ruwa da ƙarfasa suna motsi. Da an isa, sai ya dubi goruba ya ga inuwarta ba ta wadatar ba, ya sa a kafa rumfar tamfol a ƙarƙashinta, a kewaye da zannuwa saboda iska, a shimfiɗa tabarmi saboda rairayi, a daidaita masa kujera ta ba ruwa baya saboda hasken da ke kashe ido. In an gama, wurin ya zama falonsa na unguwar Plato, ba abin da ya ragu sai agogon bango.

Sa'an nan ya tara yara ya karanta musu dokoki: kada wanda ya kusanci ruwa, kada wanda ya hau itace, kada wanda ya zauna a ƙasa, kada wanda ya yi nisa. Yara su jeru a kan tabarma suna kallon 'ya'yan ƙauye na alkafura a cikin kogi. Can sai ka ji murya daga cikin rumfa.

"Hajiya, ina yajin kilishin nan?"

"Alhaji, ai yana cikin baƙar jakar da ka ce a bari, mota ta cika."

"To, ni na ce a bar yaji? Jaka na ce a bari."

Ƙarshenta direba ne zai koma birni, tafiyar kilomita 25 zuwa, 25 dawowa, domin ƙullin yaji. In la'asar ta yi aka shiga naɗe kaya, aka tambayi Alhaji yadda ya ga wurin, sai ya yi shiru na mai auna magana, ya ce ba laifi, illa dai rairayi ya yi yawa, ya kamata hukuma ta sa a share.

Na uku ba ya zuwa shi kaɗai, domin sinfinsa ba ya bayyana sai an sami biyu: su ne malamai ma'abota mas'ala. Ina girmama su, kuma da gangan na ce malamai, domin karatunsu na gaske ne, sun sauke Ahalari da Ishmawi da Risala, ɗayansu ma ya leƙa Muhtasar. Abin da ya same su kawai shi ne ba su iya ganin halittar Allah ba tare da sun nemi hukuncinta ba. Tun daga alwala ake farawa. Ɗaya ya ɗebo ruwa a tafin hannu, ya ga ya yi jaja-jaja, ya ce launinsa ya jirkita. Ɗayan ya ce, "Allah gafarta Malam, jirkitar da ta zo daga lakar da ruwa ke gudana a kanta ba ta fitar da shi daga zama muɗlaƙi." Na farko ya sallama, amma ya nuna masu wanki can sama da su, ya ce to kumfar sabulu fa, ita ma daga maƙwancin kogi take? Kafin a warware wannan, sai batun ƙasaru ya kutso kai. Ɗaya yana ganin tun da an fita gari an yi guzuri, ai an zama matafiya. Ɗayan ya tuna masa cewa a mazhabar Imamu Malik sai tafiya ta kai burudi huɗu, wato mil 48, Bubon kuwa ko sulusin haka ba ta cika ba, balle ma tafiyar lahawu ba a sunnanta mata ƙasaru ba. A nan ne fa zance ke zafi, domin na farko ba zai yarda a kira fitarsa lahawu ba, shi tafakkuri ya fito yi. Ana cikin kawo hujja da warware hujja, ana kiran sunayen shehunai, rana ta karkata, har lokacin muhtari ya fice, aka yi azahar a laruri, cikakkiya, raka'a huɗu.

Na taɓa ganin irinsu sun sa ƙwallon goruba ɗaya a tsakiya, wanda ya faɗo a gabansu, suna bahasi: shin mubahi ne ga wanda ya riga, ko tsintuwa ce da ke bukatar cigiya, ko kuwa haƙƙin baitulmali ne tun da itacen yana ƙarƙashin kariyar hukuma? Wani yaro mai tallan gyaɗa ya tsaya yana saurare cikin ladabi, da ya ga maganar ba ta da ranar ƙarewa, ya durƙusa ya gaishe su, ya ɗauke abinsa ya wuce yana gwigwiya. Dorina kuwa, dabbar ruwa ce ko ta tudu, an ɗage zamanta sai wata Lahadi.

Akwai kuma gwanin iyo, wanda tun a mota yake ba da labarin yadda yana yaro yake ƙetare gulbin garinsu da damina, hannu ɗaya riƙe da tufafi a ka. Da an iso sai ya tuɓe riga, ya miƙe gaɓoɓi, ya yi tsalle-tsalle, ya shiga ruwa har idon sawu, ya tsaya. In aka ce masa bisimilla, sai ya ce bai daɗe da cin abinci ba. In abincin ya faɗa, sai ya tuna da tsargiya, ya shiga yi wa jama'a bayani, bayani kuwa na gaskiya, cewa ƙwayar cutar tana fitowa daga dodon koɗi a ruwa mai kwanciya, ta huda fata, bayan lokaci mutum ya ga jini a fitsarinsa. Ba a taɓa ganin wanda ilmin likitanci ya sauko wa a kan kari irin wannan ba. Abokin tagwaitakarsa shi ne matsoracin kwalekwale, wanda shi bai ɓoye komai ba: tun da ya sa ƙafa a jirgi yake riƙe da gefe biyu, idonsa a rufe, bakinsa na motsi, yana yafe basussukan da yake bi, yana alkawarin biyan waɗanda ake binsa. In aka ce ga dorina can ta ɗago kunnuwa, ba zai duba ba, sai dai ya ƙara sauri. Tsoronsa kuwa yana da asali, domin dorina takan kifar da jirgi, mutanen Ayoru ba sa wasa da zancenta. Da ƙafarsa ta taɓa tudu, sai ya gyara hula, ya ce tafiyar ta yi daɗi, basussukan da ya yafe kuma su dawo daram.

Ba a rasa ɗan jagora, wanda ba wanda ya kira shi, ba kuma wanda ya san lokacin da ya shiga ayari, sai dai a waiwaya a gan shi riƙe da butar Alhaji. Shi ne masanin tarihi na wurin. Gaskiyar al'amari dai ita ce manyan matafiya sun ga wannan kogi: Ibn Baɗuɗa ya bi shi wajen 1352 zuwa 1353 yana zaton Nilu ne, Mungo Park ya gangara ta nan cikin jirgi ya je ya halaka a Busa a 1806, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ƙetare shi a Sayi a 1853. Amma a bakin ɗan jagora waɗannan uku sun narke sun zama Bature ɗaya, mai jan gemu, wanda ya ɗaure dokinsa a jikin wannan gorubar da kuke zaune a gindinta, kakan ɗan jagora ne kuma ya ba shi fura. In kuka koma gindin wata gorubar, dokin zai biyo ku. Duk da haka ban cika son a wulaƙanta shi ba, saboda wani abu da Ibn Baɗuɗa ya hakaito a kan kansa: ya sauka bakin kogin nan domin biyan bukata, sai wani mutumin ƙasar ya zo ya tsaya tsakaninsa da ruwa, shi kuwa ya ɗauki abin rashin kunya, daga baya aka gaya masa kare shi mutumin yake yi daga kada. Ɗan jagoranmu, in ka ƙyale tarihinsa, ya san inda rami yake a ƙarƙashin ruwa da inda rairayi ke zurmawa, wannan kuwa ya fi dala ɗarin da zai roƙa da yamma.

Masu hoto ba su bukatar dogon bayani, domin sun bayyana kansu ga duniya tun kafin in ɗauki alƙalami. Budurwa ta zo da kaya kala uku a jaka, tana canzawa a bayan mota, ƙanenta na biye da ita da waya, a jingina da goruba, a ɗaga gyale iska ta ɗauka, a goge, a sake. Saurayi ya ari filafilin mai jirgi ya riƙe a juye, ya ari hularsa ta kaba, ya dubi nesa da fuskar mai tunanin al'umma. Faɗuwar rana a kan Kwara, wadda baƙi ke hawa barandar Grand Hôtel domin ita, ba su taɓa ganinta ba sai a cikin waya, domin kullum baya suke ba ta. Kafin su iso gadar Kennedy hotunan sun riga su shiga Facebook da TikTok, an yanke jakunan masu ɗibar yashi, an yanke ledoji, wani ma ya rubuta a ƙasa cewa yana gaishe da mutanen gida daga ƙasar waje.

Wanda ya fi ba ni tsoro a cikinsu duka mutum ne mai natsuwa, ba ya hayaniya, ba ya hoto, kuma shi kaɗai ne cikin ayari yake duban itatuwa da gaske. Shi ne mai idon azara. An fi gane shi in tafiya ta kai kurmin giginya na ƙasar Gaya, inda dubban itatuwa ke tsaye santala-santala, kowace da kumburinta a wuya, gonakin gero da dawa a ƙarƙashinsu. Sauran jama'a na cewa tabarkalla, shi kuwa ya je ya ƙwanƙwasa gindi da yatsa, ya ɗaga kai yana motsa leɓe. Ba tasbihi yake yi ba, lissafi yake: in aka kayar da wannan aka tsaga, azara nawa za ta bayar, nawa za a sayar a kasuwar Katako. Ya san abin da yawancin masu tabarkalla ba su sani ba, cewa giginya akwai namiji akwai mace, cewa namijin ya fi tauri, cewa gara ba ta cin azararsa, shi ya sa magina suka dogara da ita wajen rufin soro tun zamanin kakanni. Abin da ba ya shiga lissafinsa shi ne shekarun da itacen ya yi kafin ya kai haka, waɗanda sau da yawa sun fi nasa.

Saboda irinsa ne dokar gandun daji ta 1974, da wadda ta gaje ta a 2004, suka hana saran irin waɗannan itatuwa ba da izini ba. Amma doka a takarda ba ta tsare kurmi, musamman in talakan da giginyar ke cikin gonarsa yana ganin ta gwamnati ce, ba ruwansa da rayuwarta ko mutuwarta. Ga kuma masu binne ƙwallo domin muruci, wanda ake tonewa a dafa a kai kasuwa, kowane muruci kuwa giginya ce da ba za ta tsaya ba. Sai a shekarun 1990, da taimakon ƙasar Suwizalan, aka shigar da mutanen ƙauyuka cikin tsaron kurmin da cin amfaninsa, a 2004 kuma aka sa Dallol Mauri cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Hausawa na cewa inuwar giginya na nesa ka sha, kuma a ganina duk gyaran da aka yi bai wuce ƙoƙarin ƙaryata wannan karin magana ba, wato a bar na kusa shi ma ya sha.

Mai idon azara yana da ɗan'uwa, ɗan alfarma, wanda ba ya iya ganin allon hani bai ji an zage shi ba. In an rubuta kada a kunna wuta a gindin itace, a nan zai gasa namansa. In ma'aikacin gandun daji ya zo cikin koren kakinsa ya yi sallama, ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan matsar da wutar nan," sai ya dube shi daga hula har takalmi, ya ce, "Yaro, ka san ko da wa kake magana?" Sa'an nan ya zaro waya ya shiga neman wani babba a ma'aikatar, wanda suka yi makaranta tare da ƙanen matarsa. Rahamar da Allah Ya yi wa itatuwa ita ce, a irin waɗannan wurare sau da yawa waya ba ta samun layi.

Sai ma'aikacin taron bita, wanda ya kwana uku a ɗakin otal mai sanyi ana tattauna kare muhalli, rana ta huɗu aka kawo su ganin muhallin da ido. Yana sanye da riga da hula masu tambarin taron, ya san sunan goruba da Latinanci, ya san an yi dokar hana ledoji tun 2014, yana bayanin haka da Faransanci mai kyau ga matar da ke yankan kaba domin saƙar tabarma, wadda ba ta roƙe shi ba. Yana gamawa ya tsotse ledar ruwansa ya yar a gindin itacen. A wannan ɗabi'a dai ba shi kaɗai ba ne, ita ce mas'ala guda da dukan sinfofin nan suka yi ijma'i a kanta, awakin ƙauye ne kuma ke biyan diyya. Akwai kuma mai barci, wanda ya biya kuɗin mota daidai da kowa, ya zo ya rufe fuska da rawani tun hantsi. Ban sami abin zargi a gare shi ba.

Na bar mai jirgi a ƙarshe domin shi ma a ƙarshe yake bayyana. Da safe mutum ne mai sauƙin kai, Basarke ko Sorko, fuskarsa a sake, yana ɗaukar yara yana sa su a jirgi, yana ce wa kowa sannu da zuwa. Alhaji ya taya dala ɗari kowane kai zuwa tsibiri, ya ce Allah Ya sa albarka, ko musu bai yi ba, har Alhaji ya juya yana koya wa 'ya'yansa yadda ake ciniki da mutanen ƙauye. Yini guda yana can gefe yana gyaran koma, ba wanda ya tuna da shi, ba wanda ya miƙa masa ko loma ɗaya ta dambu. Sai rana ta yi ja, sauro ya fara kiɗa, aka ji wani gurnani daga cikin ruwa wanda ba a tabbatar da mai shi ba, aka tattara kaya aka ƙwala masa kira. Ya taso a hankali, ya tsaya da jirginsa inda ruwa ya kai ƙirji, ya dogara gora, ya ce jika-jika ne.

"Kai, malam, ka ji tsoron Allah! Ba dala ɗari muka yi da kai ba?"

"Haka ne, Alhaji. Cinikin kawowa muka yi, ba mu yi na komarwa ba."

Nan take malamai biyu suka buɗe babin ijara, ɗan alfarma ya ɗaga waya sama yana neman layi, wanda ya ga teku ya ce a Kwatano ba a yin haka. Wani daga cikin yara, da zuciya ɗaya, ya ce ai ga Kawu gwanin iyo, ya ƙetara mana ya kirawo wani jirgin. Kafin yaron ya rufe baki Kawu ya zaro jika biyu, tasa da ta mai barci, ya ce a je a tashe shi.